Tarihin Littattafan da Malaman Kirista Suka Shawarci Mabiyansu Su Karanta a kan Bangaskiya da Zaman Aure da Rubutu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya san cewa ɗalibi ba ya zaɓar wa kansa littafi. Malam ne zai ce a fara da Ƙawa'idi, sa'an nan Ahalari, sa'an nan Ishmawi da Iziyya, kafin a kai ga Risala, Muhtasar kuwa sai wanda ya yi nisa. Wannan al'ada ta jera wa mai neman ilimi abin da zai karanta, da nuna masa na farawa da na jinkirtawa, ba a makarantunmu na ilimi kaɗai take ba. Malaman addinin Kirista sun shafe fiye da shekara 1,600 suna yin haka ga mabiyansu, sun kuma bar mana jerin nasu a rubuce.

Manufar wannan takarda ita ce mu bi diddigin irin waɗannan shawarwari a fannoni uku, watau bangaskiya, da zamantakewa musamman ta aure, da rubutu. Abin da muke so mu nuna shi ne, fannonin nan uku ba tafiya ɗaya suka yi ba cikin tarihi. Littattafan bangaskiya sun daɗe ba su sake ba. Na aure sukan sake duk lokacin da zaman gida ya sake. Na rubutu kuwa a ɗaure suke da harshen da aka yi su a cikinsa. Muna ganin sanin wannan bambanci wajibi ne ga masu fassara da masu tsara manhaja da ma'aikatan laburare.

2.0 Asalin Al'adar

Daga Afirka za mu fara. A shekarar 367 Miladiyya, Atanasiyus, Bishof na Iskandariya a ƙasar Masar, ya aika wa majami'un da ke ƙarƙashinsa wasiƙar da ya saba aikawa kowace shekara gabanin bikin Ista. A cikinta ya lissafa littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai da yadda suke a hannun Kirista a yau. Bai tsaya nan ba, sai ya kasa littattafai kashi uku. Akwai nassi, wanda daga gare shi ake ɗauko aƙida. Akwai waɗanda ba nassi ba ne amma magabata sun ce a riƙa karanta wa sababbin shiga addini, irin su Tobit da Yudit da littafin Makiyayi na Harmas. Akwai kuma waɗanda ya ce a guje su sam. Kashi na biyun nan shi ne tushen abin da muke nazari.

Wanda ya fi fito da al'adar fili shi ne Jerom, malamin da ya fassara mafi yawan Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya kuma zauna a Baitalami tun daga 386 har mutuwarsa a 420. Wajen 393 ya tsara littafin sunayen marubuta 135, ya fara da manzo Bitrus ya ƙare da kansa, domin ya rufe bakin masu cewa Kirista ba su da masana. Wajen 403 kuma wata mace mai daraja daga birnin Rum, mai suna Laeta, ta nemi shawararsa a kan tarbiyyar 'yarta Paula. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka Jerom ya fara tun daga baƙaƙe, ya ce a sassaƙa wa yarinyar haruffa na katako ko na hauren giwa ta riƙa wasa da su. Idan ta iya karatu sai ta fara da Zabura, ta bi da Karin Magana da Mai Hadishi da Ayuba, sa'an nan Linjila da Ayyukan Manzanni da wasiƙunsu, sa'an nan annabawa da littattafan tarihi. Waƙar Waƙoƙi ita ce ta ƙarshe, domin yana tsoron kada yarinya ta ɗauke ta a kan waƙar soyayya ta zahiri. Daga cikin malamai ya zaɓa mata uku, watau Sifiriyan na Kartej, da Atanasiyus, da Hilari.

A ƙarni na 6 al'adar ta shiga doka. Ƙa'idar da Benedik ya tsara wa 'yan zuhudu a Italiya ta ce a farkon azumin kwana 40 a ba kowane ɗaya littafi guda daga ma'ajiya, ya karanta shi bi da bi har ƙarshe. Ta kuma hana a karanta wa jama'a littattafan Sarakuna da na farkon Tsohon Alkawari bayan cin abincin dare, don kada su dami masu raunin zuciya. A nan ya kamata mu lura cewa mai ikon shawarta yakan zama mai ikon hanawa. A 1559 Fafaroma Paul na 4 ya fitar da jerin littattafan da aka haramta wa 'yan Katolika, ba a kuwa daina aiki da irin wannan jeri ba sai a 1966.

3.0 Littattafan Bangaskiya

Idan muka ɗora jerin wani ƙarni a kan na wani, abin da zai fara ba mu mamaki a wannan fanni shi ne yawan maimaituwar sunaye. Alal misali, Agustin, wanda aka haifa a 354 a garin da yanzu ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya ba da labarin tubansa a littafinsa mai suna Confessiones, watau ikirari, wanda ya rubuta tsakanin 397 da 400. Labarin kansa labarin karatu ne. Yana ɗan shekara 19 wani littafin Sisero, shahararren mai balaga na Rumawa, ya sa masa ƙishin hikima. A 386 a birnin Milan wani baƙo ya ba shi labarin ma'aikatan fada biyu da suka bar aiki saboda sun karanta tarihin Antoni mai zuhudu, wanda Atanasiyus ya rubuta. Jim kaɗan bayan haka, a cikin wani lambu, ya buɗe wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, abin da ya karanta a nan kuwa shi ya yanke masa shawara. Bayan shekara fiye da 1,100, Teresa ta Abila a ƙasar Sifen ta karanta fassarar littafin nan na Agustin, ta ce ta ga kanta a cikinsa.

Haka kuma ƙaramin littafin nan na koyi da Almasihu, wanda ake dangantawa ga Thomas a Kempis, aka kuma rubuta wajen 1420, ya ƙetare rabuwar da ta auku tsakanin Katolika da Furotesta a ƙarni na 16. Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya sa shi cikin abin da almajiransa za su karanta. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, shi ma ya buga nasa bugun a 1735. Mutanen nan biyu sun saɓa a kan manyan al'amura, amma sun haɗu a kan littafi ɗaya.

Bayan da na'urar ɗab'i ta bazu, sai matsalar ta juya daga ƙarancin littattafai zuwa yawansu da tsadarsu. Richard Baxter, a babban littafinsa na jagorar rayuwar Kirista wanda ya fito a 1673, ya tsara jeri hawa hawa, tun daga ɗan abin da ɗalibi matalauci zai iya saya. Wesley ya wuce nan. Tsakanin 1749 da 1755 ya buga juzu'i 50 na zaɓaɓɓun rubuce-rubuce, ya yi hasarar kuɗi a kansu, ya kuma umurci masu wa'azinsa su ba karatu aƙalla awa 5 kowace rana. Sai dai bai buga littattafan yadda ya same su ba. Ya taƙaita su, ya kuma datse abin da bai dace da koyarwarsa ba, musamman batun ƙaddara irin ta mabiya Calvin. Mai karatu yana tsammani maganar magabata yake ji tsantsa, alhali ta bi ta rariyar Wesley.

Da'irar ta rufe a 1944, lokacin da wata 'yar zuhudu a Ingila ta fassara littafin Atanasiyus a kan aƙidar Kirista ta zaman Almasihu mutum, C. S. Lewis kuma ya rubuta masa gabatarwa. A ciki ya ba da shawarar cewa duk wanda ya karanta sabon littafi ya bi shi da tsoho, in hakan ya gagara to tsoho ɗaya bayan sababbi uku. Dalilinsa shi ne kowane zamani yana da kurakuran da mutanensa ba sa gani, kurakuran mutanen da kuwa daban suke da namu. Malamin da Jerom ya zaɓa wa Paula shi ne dai Lewis ya zaɓa wa masu karatunsa bayan shekara 1,500 da ɗoriya.

4.0 Littattafan Zamantakewa da Aure

A wannan fanni ba a sami irin wancan dawwama ba. Ita Paula da muka ambata, iyayenta sun keɓe ta tun kafin a haife ta domin zaman rashin aure, jerin da Jerom ya tsara mata kuwa domin wannan manufa ne. A zamanin an yi wani ɗan zuhudu a Rum mai suna Jobiniyan, wanda ya koyar da cewa budurwa da gwauruwa da matar aure, muddin an yi musu baftisma, ladansu ɗaya ne. A 393 Jerom ya yi masa raddi mai zafi, ya ƙasƙantar da aure har abokansa na Rum suka yi ƙoƙarin janye kofen littafin daga hannun jama'a. Wajen 401 Agustin ya nemi tsaka-tsaki a littafinsa a kan alherin aure. Ya yarda rashin aure domin ibada ya fi, amma ya ce aure alheri ne saboda abu uku, watau zuriya, da amana, da alkawari mai tsarki wanda ba ya warwaruwa. Abubuwan nan uku sun zama ginshiƙin koyarwar majami'ar yamma ƙarni bayan ƙarni.

Tun da yake galibin marubutan tsakiyar zamani 'yan zuhudu ne, zaman da suka fi sani shi ne na 'yan'uwa a gidan ibada. Shi ya sa ɗaya daga cikin fitattun littattafan zamantakewa na ƙarni na 12 a kan abota yake, wanda Aelred, shugaban gidan zuhudu na Rievaulx a arewacin Ingila, ya gina a kan wani tsohon littafin Sisero.

Juyi ya zo da Martin Luther, wanda ya rubuta littafi a kan zaman aure a 1522, ya kuma auri Katharina von Bora a 1525, shi tsohon ɗan zuhudu ita ma haka. Daga nan gidan malami mai mata da 'ya'ya ya zama abin koyi a wurin Furotesta, littattafan tafiyar da gida suka yawaita. Wani misali mai ban sha'awa shi ne na William Gouge, mai wa'azi a Landan, wanda littafinsa a kan haƙƙoƙin mutanen gida ya fito a 1622. Shi da kansa ya faɗa a farkon littafin cewa masu sauraronsa sun yi ƙorafi a kan wa'azin da ya yi cewa mace ba ta da ikon taɓa dukiyar gida sai da yardar miji. Koyarwar ta yi daidai da dokar Ingila ta lokacin, wadda ta mai da dukiyar mace ƙarƙashin mijinta, ba a kuwa gyara wannan sosai ba sai da dokar 1882. Mu da muka san cewa kuɗin sana'ar matar Bahaushe nata ne, da awakinta da kayan ɗakinta, za mu gane nan da nan cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da Gouge ya ɗauka umurnin addini ne, rabinsa al'adar Landan ce ta ƙarni na 17.

A ƙarni na 20 fannin ya ƙara rarrabuwa. Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya fitar da littafi a 1939 a kan zaman tare, daga abin da ya gani a makarantar horar da fastoci ta Finkenwalde kafin 'yan sandan ciki su rufe ta a 1937. Lewis ya fitar da nasa a 1960 a kan ire-iren ƙauna huɗu. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Walter Trobisch, Bajamushe mai koyarwa a wata kwaleji a Libamba cikin ƙasar Kamaru. A farkon shekarun 1960 ya fitar da ɗan littafi da Faransanci a sigar wasiƙu tsakaninsa da wani tsohon ɗalibinsa. Saurayin ya rasa aikin koyarwa saboda ya kwana da wata yarinya, daga baya ya sami wadda yake so ya aura, sai ubanta ya tsawwala kuɗin aure. An fassara littafin zuwa harsuna masu yawa. A ganinmu sirrin karɓuwarsa a Afirka shi ne tambayoyin na 'yan ƙasa ne, ko da yake mai amsawa baƙo ne.

5.0 Littattafai a kan Rubutu

Tambaya ta farko da ta dami marubutan Kirista ita ce ko ya halatta mai bi ya koyi fasaha daga littattafan waɗanda ba Kirista ba. A wata wasiƙa ta 384 Jerom ya ba da labarin mafarkin da ya yi yana cikin zazzaɓi, inda aka gurfanar da shi gaban shari'a, aka tuhume shi da bin Sisero maimakon bin Almasihu, aka yi masa bulala. Agustin, wanda kafin tubansa malamin balaga ne, ya ɗauki wata hanya. A littafinsa a kan koyarwar Kirista, wanda ya fara wajen 396 bai kuwa kammala ba sai wajen 426, ya ce balaga makami ce wadda mai ƙarya da mai gaskiya duk za su iya riƙewa, wauta ce kuwa a bar wa mai ƙarya shi kaɗai. Ya aro daga Sisero cewa aikin mai magana uku ne, ya koyar, ya daɗaɗa wa mai ji, ya motsa shi ga aiki. Ya ƙara da cewa gara a yi amfani da kalmar da talaka zai gane ko da masu nahawu za su yi tsaki.

Kasiyodoras, wanda ya riƙe manyan muƙamai a fadar sarakunan Italiya kafin ya kafa gidan zuhudu na Vivarium a kudancin ƙasar, ya tsara wa almajiransa jagorar karatu mai kashi biyu wajen 560, ɗaya na ilimin addini ɗaya na ilimin duniya. Yana ɗan shekara 93 ya sake ɗaukar alƙalami ya rubuta musu littafi a kan ƙa'idojin rubutu, domin ya ga masu kwafa suna ɓata nassi da kuskuren baƙaƙe. Waɗanda suka san irin wahalar da aka sha wajen daidaita rubutun Hausa tun daga taron Bamako na 1966 za su tausaya wa dattijon nan.

Da aka koma rubutu da harsunan jama'a, sai Luther ya rubuta wasiƙa a 1530 yana kare fassararsa ta Jamusanci. Ya ce mai fassara ba wurin haruffan Latin zai nemi Jamusanci ba, sai wurin matan gida da yaran unguwa da 'yan kasuwa. Tambaya ta biyu kuma ita ce ta ƙagaggen labari. John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe ne wanda matarsa ta farko ba ta zo masa da kome ba sai littattafan ibada biyu da ubanta ya bar mata, su ne kuwa suka fara karantawa tare. Lokacin da ya gama The Pilgrim's Progress, labarin matafiyi mai neman birnin sama, wanda ya fito a 1678, abokansa sun rabu biyu a kan ko ya dace a buga shi, tun da ƙage ne. Ya kare kansa da cewa annabawa da Almasihu ma da misalai suka koyar. Binciken Isabel Hofmeyr na 2004 ya nuna an fassara littafin zuwa harsunan Afirka kimanin 80.

Marubutan ƙarni na 20 da aka fi shawarta a wannan fanni, irin su Dorothy Sayers a littafinta na 1941 da Flannery O'Connor wadda aka tattara maƙalunta a 1969, sun tsaya a kan magana ɗaya, watau kyakkyawar niyya ba ta gyara mummunan rubutu. Wannan ƙa'ida tana aiki a kowane harshe. Amma misalan da suka kafa hujja da su na adabin Ingilishi ne da na Turai, ba za su koya wa kowa inda ake sa karin magana a zancen Hausa ba, balle yadda ake ɗaure amsa-amo a waƙa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa tun daga wasiƙar Atanasiyus ta 367 malaman Kirista suke jera wa mabiyansu abin karantawa, kowane jeri kuwa yana ɗauke da hannun mai jerawa, ko ta wajen abin da ya jinkirta kamar Jerom, ko ta wajen abin da ya datse kamar Wesley. Mun kuma ga cewa littattafan bangaskiya sun ƙetare ƙarnuka da ɗariku, na aure sun bi sauyin gidaje da dokoki, na rubutu sun tsaya inda harshensu ya tsaya.

Wannan ya shafi nazarin Hausa kai tsaye, domin Hausa tana cikin harsunan da aka daɗe ana yi wa irin wannan fassara. J. F. Schön ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da taimakon Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ruwa ya yi tsaki a cikinsa, kafin a cika shekara 50 kuma sai da aka sake wata fassarar domin a kusanci Hausar da jama'a ke yi. Saboda haka shawararmu ga mai tsara wa masu karatun Hausa irin wannan jeri ita ce ya bambanta fannonin nan uku. Littafin Agustin ko na Kempis ana iya fassara shi a miƙa wa mai so, muddin an faɗa masa in an taƙaita. Littafin aure kuwa tilas a bayyana wa mai karatu zamaninsa da ƙasarsa da dokar da aka rubuta shi a ƙarƙashinta, don ya rarrabe koyarwa da al'ada. Abin da ya shafi lefe da sadaki da zama da surukai, da kuma abin da ya shafi sarrafa harshen Hausa a rubuce, waɗannan aikin marubutan gida ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.